Hannun Yaya Volkmar

Yayana Volkmar shi ne kantor na cocin garinmu, wato duk abin da ya shafi kiɗa da waƙa a hannunsa yake. Shi ke kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, ranar Lahadi, shi ke koyar da mawaƙa manya da yara, shi ke raka amarya da kiɗa, shi ke raka gawa. Garin namu ƙarami ne, a cikin duwatsun Saxony kusa da iyakar Czech, kuma a shekarun da nake magana ƙara tsukewa yake yi. Tun da katangar da ta raba ƙasarmu gabas da yamma ta faɗi aka rufe masaƙar safa, samari da 'yan mata suka yi ta kwarara yamma neman aiki, aka bar mu da tsofaffi da gidajen da ba a kunna wuta a cikinsu.

Ni ce ƙanwarsa Reinhild. Ban yi aure ba, ina aiki a kantin magani na bakin kasuwa, kuma ina cikin mawaƙansa, a layin baya, inda yake cewa ya ajiye ni ne don ɓarnata ta tsaya a bango.

Yaya bai zaɓi makarantar da ya yi ba. Yana saurayi ya so shiga babbar makarantar kiɗa ta gwamnati, amma a tsohon mulki yaron da bai shiga ƙungiyar matasan jam'iyya ba ko ƙofar irin wannan makaranta ba ya gani. Babanmu ya hana shi shiga ƙungiyar, shi kuma bai ja da shi ba. Sai ya tafi makarantar coci da ke Dresden, inda ake horar da masu kiɗan sujada na Lutheran, ya gama, ya dawo gida ya kama aiki. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da kawai na san yana ransa shi ne manyan ogan na arewa, na garuruwan bakin teku, waɗanda yake ji a rediyo amma iyaka ta hana shi zuwa. Da aka buɗe iyakar kuma sai ya zama kullum da wani abu: yau Ista, gobe jana'iza, jibi yara suna shirin Kirsimeti.

'Yarsa ɗaya ce, Almut, kuma sun daɗe shi da matarsa Heidrun kafin su same ta. A saman benen coci ta girma, can baya inda ogan yake. Tun ƙafafunta ba su kai matakan ƙasa da ake kaɗawa da ƙafa ba take zama kusa da shi tana juya masa shafi. Ba mai yawan magana ba ce, ta ɗauko wannan daga uwarta, amma kunnen na ubanta ne.

Wata Lahadi cikin sanyi, Almut na da shekara goma sha bakwai, na makara zuwa sujada. Babbar ƙofarmu tana da ƙara, ni kuma ba na son tsofaffi su waiwayo, sai na bi ta ƙaramar ƙofar gefe na hau bene. Ana cikin waƙar farko. Ina leƙawa na ga Almut ce a kan benci, hannuwanta da ƙafafunta suna aiki. Yaya yana kan wata kujera a gefe, ya danne hannunsa na hagu ƙarƙashin cinyarsa, yana juya mata shafi da na dama. Ko a danne ɗin hannun bai tsaya ba, har kafaɗarsa nake ganin motsin. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗora yatsa a baki.

Jama'a a ƙasa sun ba bene baya, ba wanda ke ganin mai kiɗa. Su dai sun ji kiɗan kantor ɗinsu, yadda suka saba da shi, da ɗan jinkirin nan da yake yi kafin baiti na ƙarshe don tsofaffi su ja numfashi. Ni kaina da a ƙasa nake da ban gane ba.

Bayan an tashi ya same ni a matakala.

"Reinhild, ba ki ga komai ba."

"Na ga 'yarka ta fi ka iyawa, Yaya."

Ya yi ɗan murmushi ya ce wannan ba sai an hau bene ake sani ba. Sannan ya sa hannun a aljihun kwat ɗinsa ya fita gaisawa da mutane.

Heidrun ce ta faɗa min sauran, muna wanke kwanuka a gidansu. Ciwon karkarwa ne, likita a birni ya tabbatar tun shekarar da ta wuce. Ita ma'aikaciyar jinya ce a gidan tsofaffi, ta san inda ciwon yake farawa da inda yake kai mutum, kuma na ga sanin nan a fuskarta. Ta ce da magani yana iya jana'izar tsakiyar mako, ya bar nauyin kiɗan a kan hannun dama da ƙafafu, amma cikakkiyar sujada ta gagare shi. Na tambaye ta me ya hana su gaya wa fasto. Ta ce ai na sani. Shugabannin coci suna rage ma'aikata, duk kantor ɗin da ya sauka a ƙaramin gari ba a kawo wani. In ya sauka, mawaƙa sun watse, yaran da yake koyarwa sun koma gaban talabijin, gidan kantor ɗin da suke ciki kuma a sa shi kasuwa. 'Yan shekaru suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa. Abin da suke roƙo ke nan.

Haka aka ci gaba har Almut ta shiga shekarar ƙarshe a sakandare. Sauran sa'o'inta suna zuwa yawo ranar Asabar, ita tana coci da ubanta cikin sanyi suna shirya na gobe.

Kowa ya san kiɗa za ta karanta, kuma kiɗan coci, wannan ba a taɓa musunsa ba. Inda za ta karanta shi ne magana. Ta yi jarrabawar shiga a wuri biyu. Ɗaya makarantar da ubanta ya yi a Dresden, inda wasu malaman abokan karatunsa ne. Ɗayar kuma babbar makarantar kiɗa ta Lübeck, can arewa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Wata farfesa ta can mai suna Thiessen ta taɓa jin kiɗanta a wani taron horar da matasa, ita ta matsa mata ta zo ta gwada. Duka biyun suka ɗauke ta.

Ranar da aka yi maganar ina gidan, muna cin dunƙulen dankali da jan kabeji bayan sujada. Heidrun ce ta fara. Ta ce Dresden makarantar coci ce, ɗalibai kaɗan ne, malamai sun san sunan kowa, ana addu'a tare da safe, kuma jirgi yana kawo mutum gida ranar Asabar. Lübeck kuwa ƙarshen duniya ne, ba ta san kowa ba, can ba mai tambayarta ko ta ci abinci. Ba ta ambaci hannun mijinta ba, amma duk wanda ke teburin shi yake ji. Yaya ya ce shi abin da ya sani game da mutanen arewa shi ne kifi suke karya kumallo da shi, kuma in sun ce maka sannu sun gama hirar mako. Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Almut ta ajiye cokali ta ce, "Dresden zan je."

"Saboda me?" in ji Yaya.

"Saboda can ka yi, Baba."

"Ni ba zaɓa na yi ba. Ƙofa ɗaya aka bar min a buɗe na shiga."

Heidrun ta ce ya ƙyale yarinya ta faɗi abin da take so, ai ta faɗa. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya koma kan abincinsa. Naman ya ƙi yankuwa saboda hannun, Almut ta miƙa hannu za ta taimaka, ya janye farantin.

Bayan 'yan kwanaki ta raka ni maƙabarta da yamma, za mu ba furannin kaburburan iyayenmu ruwa. Tana ɗauke da bokitin ban ruwa, sai kawai ta fara ba ni labarin Lübeck, ba tare da na tambaya ba. Ta ce sun kai ta wani coci mai tsawon da wuyanka zai yi ciwo kafin ka ga rufinsa. Da ta danna muryar farko, sautin ya tafi, ya daɗe, sannan ya dawo mata, har sai da ta cire hannu ta tsaya tana jira. Ba ta taɓa sanin haka abin yake ba. Ta ce bayan ta gama, Farfesa Thiessen ta zauna kusa da ita ta ce mata hannunta na da kyau, kunnenta ya fi hannun, amma tana kiɗa kamar wani dattijo mai tsoron kada a lura da shi, kuma tana so ta san wane ne dattijon.

"Gwaggo, shekara biyu ina koyon yadda zan zama Baba don kada kowa ya gane. Yanzu in aka ce in kaɗa yadda ni nake so, ban san ta ina zan fara ba."

Na ce to ta tafi Lübeck mana. Ta girgiza kai. Ta ce ba ƙarya ta yi a tebur ba, tana son Dresden ɗin ma, tana son ƙaramin wuri, tana son mawaƙa da yara da aikin da ubanta ke yi. Abin da ya dame ta shi ne ta kasa rarrabe son da take yi da tsoron da take ji. Duk sanda ta rufe ido ta ce bari ta ga abin da zuciyarta ke so, hannun Baba take gani. Ta roƙe ni kada in gaya masa, na yi mata alkawari, kuma na riƙe.

Amma ba a buƙaci bakina ba. Farfesar ta ga Almut ba ta aiko da amsa ba, sai ta bugo waya gidan wata rana da hantsi, Almut na makaranta, Heidrun na wurin aiki. Yaya ne ya ɗauka. Daga baya ya gaya min sun daɗe suna magana, kuma matar ba ta iya kwana-kwana ba. Abin da ta gaya wa Almut shi ta maimaita masa, har da maganar dattijon. Ya ce mata ya san mutumin.

Lahadin da ta biyo baya Lahadi ce ta yau da kullum cikin zafi, ba biki ba baftisma, mutane ba su da yawa. Ina zaune a wurina sai na ga Almut ta shigo ta babbar ƙofa ta zauna kusa da ni, fuskarta ba jini. Ta raɗa min cewa Baba ya ce yau shi zai yi, ya kulle ƙofar bene ta ciki.

Ya fara da kyau. Kiɗan buɗewa gajere ne, ya zaɓi mai sauƙi, har na fara cewa a raina ko yau maganin ya kama shi sosai. Waƙar farko ma ta wuce, da 'yan tuntuɓe da ba kowa zai lura ba. A waƙa ta biyu ne, tsakiyar baiti, hannun ya ƙwace masa. Wata murya ta shigo inda ba wurinta ba, ta maimaita kanta, ta sake maimaitawa, kamar ana buga ƙofa. Ya yi ƙoƙarin rufe ta da na dama, abin ya ƙara cakuɗewa. Mutane suka fara rage murya, wasu suka waiwaya. Almut ta yunƙura za ta tashi, na riƙe mata hannu, don na san ƙofar a kulle take. Sai ogan ya yi shiru.

Wata tsohuwa, Waltraud, wadda ta fi kowa daɗewa cikin mawaƙa, ita ta ɗauki baitin daga inda ya tsaya da siririyar muryarta, sauran suka bi ta. Haka muka ƙarasa sujadar ba kiɗa. Fastonmu matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, na ga yana ta ɗaga ido sama bai san abin da zai yi ba.

Da aka sa albarka, kafin kowa ya fita, Yaya ya sauko. Ya bi ta tsakiyar coci har gaba, bai sa hannun a aljihu ba, ya bar shi yana rawa kowa na gani. Ya ce yana neman gafarar jama'a, don ya daɗe yana ɓoye musu abu. Ya faɗi sunan ciwon. Ya ce kiɗan da suke ji shekara biyu ba nasa ba ne, na Almut ne, duk wanda ya taɓa yaba masa a bakin ƙofa ya je ya yaba mata. Ya ce zai ajiye aiki a ƙarshen wata mai zuwa. Yarinyar kuma za ta tafi karatu a kaka, ba za ta samu zuwa ranakun Lahadi ba, don wurin da nisa.

Ba wanda ya zarge shi. Mutane suka kewaye shi, mata na share ido, maza na dafa masa kafaɗa. Heidrun ba ta nan, tana aikin safe, a bakin maƙwabta ta ji.

Almut ba ta je wurinsa ba. Ta fita ta tsaya a bayan coci wajen tulin itace, can na same su bayan mutane sun watse. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ubanta murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, sai dai da ta ɗaga ɗin da ya fi sauƙi.

"Ka zaɓar min, Baba."

"Na cire miki abin da ya tare hanya ne. Yanzu ki zaɓa."

"In zaɓi me? Ka tsaya gaban gari ka zubar da aikinka, ka ce wurin da nisa. In na tafi Dresden yanzu, duk abin da ka yi ya tashi a banza. Ka bar min ƙofa ɗaya kai ma."

Na ga maganar ta shige shi, don tasa ce aka mayar masa. Ya ce shi dai ba zai zauna yana kallo ta tsufa a kan bencinsa tana kwaikwayon mai ciwo ba. Ta ce ai da ya tambaye ta. Ya ce ya tambaya a tebur. Ta ce a gaban Mama ya tambaya.

Heidrun ta yi kusan mako ba ta yi masa magana ba. Ni ta gaya wa abin da ke ranta. Ta ce kowa yana ganin ita ce mai son kai da ta so a riƙe yarinya kusa, amma ita ce za ta ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki idan lokacin ya zo, kuma ta so a ce akwai wanda zai riƙa shigowa gidan ranar Asabar. Ta ce mutum irin Volkmar, in ka raba shi da ogan, ciwon ba zai sha wahalar ƙarasa shi ba. Ban iya ce mata ba haka ba ne.

Almut ta tafi Lübeck a kaka. Mun raka ta tasha mu uku. Ta rungume uwarta, ta rungume ni, ta zo kan ubanta ta tsaya, sannan ta rungume shi a gurguje. Ya ce ta kula da kifin karin kumallo. Ta ce to.

Abin da Heidrun ta hango duk ya faru, kuma bai ɗauki lokaci ba. Ba a kawo sabon kantor ba, aka haɗa mu da garuruwan kwari, wata mata mai kirki takan zo sau ɗaya a wata a guje ta koma. Sauran Lahadin wani tsohon malamin makaranta ke lallaɓawa. Mawaƙan yara suka watse kafin Kirsimeti. Mu manya muka yi ta ƙoƙari har muka ga kunya muke ba kanmu. Yaya da Heidrun suka bar gidan kantor suka dawo hawa na ƙasa a gidan da nake haya. Da farko ba ya zuwa coci, yakan ce ƙafafunsa. Daga baya ya fara zuwa, yana zama can gefe, kuma duk kuskuren da malamin ya yi sai na ga idon Yaya ya rufe.

Almut ma ba ta same ta da sauƙi ba. Ni take kira a kanti, ba gida ba. Ta ce a garinmu ita ce abin mamaki, a can kuwa kowa haka yake, wasu sun fi ta nesa ba kusa ba, daga ƙasashen da ba ta taɓa jin yarensu ba. Farfesar ta mayar da ita farko kamar 'yar koyo, ta ce a warware duk abin da ta saba, yadda take ɗora yatsa, yadda take taka matakan ƙasa, har zamanta a benci. Ta ce kullum ji take kamar ana cire mata Baba daga hannu da ɗan ƙarfe. Idan ta zo hutu, ita da shi hirarsu ba ta wuce jirgi ya makara, ana ruwa a arewa, ka sha magani. Ba faɗa suke ba. Sun dai kasa gano inda za su kama ne.

Sai a hutun Ista na shekararta ta uku abin ya ɗan sake. Lokacin tafiya ta fara yi masa wuya, maganarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daskare kamar ba ya jin komai, alhali yana ji. Muna shan kofi da rana, sai ya ce da ita, cikin tsokana, wai Farfesa ƙarama ba za ta nuna wa ƙauyawa abin da ake koyarwa a birni ba? Na zaci za ta kauce kamar kullum. Sai ta tashi ta buɗe tsohon piyanonsa, ta kaɗa wata waƙar Ista da duk muka sani. Ta fara kaɗa ta yadda yake yi, sak, har da jinkirinsa. Sannan ta sake ta yadda take yi yanzu, da sauri, kowace murya a rarrabe, kamar an buɗe taga.

Ya ce wannan ai gudu ne, wace tsohuwa za ta bi ta? Ta ce tsofaffi sun fi yadda yake zato ƙarfi, shi ne ya sangarta su. Ya ce mutanen arewa ba su da tudu shi ya sa numfashinsu ke da tsawo. Ta ce ba a tudu take ba, a rubutun waƙar take, ta ɗauko littafin ta nuna masa. Suka yi ta musu, yana buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya, tana maimaita layi ɗaya tana cewa ya saurara da kyau. Kofi ya huce. Heidrun ta tsaya a ƙofar kicin da tawul a hannu ba ta motsa ba. Rabon da mu ji muryarsa haka har mun manta.

Can ya ce ta sake na biyun. Ta sake.

"Wannan ke ce," in ji shi. "Ban yarda da gudun ba, amma ke ce."

Ta zauna ta ba mu baya, ta daɗe ba ta juyo ba.

Daga ranar ya ƙudura sai ya je Lübeck ranar jarrabawarta ta ƙarshe, wadda ake yi a bainar jama'a a babban coci. Ya sa Heidrun ta binciko jirgin da ba a yawan sauyawa. Kowace rana yakan fita da sandarsa ya zaga dandalin kasuwa, wai yana horo. In ya wuce ta gaban kantinmu sai ya ɗaga min sandar. Mutanen gari har tsokanarsa suke, suna cewa Kantor, an kusa isa tekun? Yakan ce saura ya sha kwana ɗaya ta bayan gidan burodi.

Cikin sanyin da ya biyo baya ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida, ƙugunsa ya karye. A asibiti ciwon huhu ya kama shi. Almut ta taso da jirgin farko da ta samu, ta iske shi da rai amma ba ya magana. Ta zauna da shi yini biyu tana riƙe da hannun hagun, wanda a lokacin ya daina rawa. Ya cika da rana tsaka, mu uku muna wurin.

Kowa ya ɗauka ita za ta kaɗa a jana'izar, fasto ma haka ya tsara. Ta ce a'a. Ta ce tana so ta zauna kusa da uwarta kamar kowace 'ya. Matar nan ta kwari ce ta kaɗa, coci ya cika har bene, tsofaffin ɗalibansa sun zo daga garuruwan da aiki ya kai su, kuma ban taɓa jin an yi waƙa a cocin nan kamar ranar ba.

Da zafi ya shigo ni da Heidrun muka tafi Lübeck, da jirgin da shi ya zaɓa. Cocin yadda Almut ta faɗa yake. Muka zauna a ƙasa cikin baƙi, ba ma ganinta, sai sautin da ke saukowa ya cika wurin har nake jinsa a ƙashin ƙirjina. Ni ban san kiɗa sosai ba, layin baya nake, amma na san ban taɓa jin irinsa ba, kuma na san ba na Yaya ba ne. Heidrun ba ta yi kuka ba sai da aka fara tafi. Bayan an tashi Farfesa Thiessen ta zo ta gaishe mu, 'yar ƙaramar mace mai farin gashi. Ta ce wa Heidrun sau ɗaya ta taɓa magana da mijinta, a waya, kuma ta sha tunanin ko ta faɗa masa abin da ya fi ƙarfin wayar. Heidrun ta dube ta ta ce abin da ya yi shi ya yi, ba a taɓa sa Volkmar abin da bai yi niyya ba.

A hanyar dawowa, mun wuce rabin tafiya, sai Heidrun ta ce yarinyar ta yi kyau. Na ce ta yi. Ta ce har yanzu tana ganin da Dresden aka je da ya ƙara shekaru, kuma ba ta san yadda za ta ajiye maganganun nan biyu a wuri ɗaya ba. Na ce ni ma haka.

Almut ta samu aikin kantor a wani gari kusa da teku, tana da mawaƙa masu yawa, ta yi aure a can, 'ya'yanta da harshen arewa suke magana. Na taɓa tambayarta, bayan shekaru, ko da an bar ta da wanne za ta ɗauka. Ta ce ta daina yi wa kanta wannan tambayar, don duk amsar da ta bayar sai ta ji ta ci amanar wani. Heidrun ta koma wurinsu bayan ta yi ritaya. Sun yi ta cewa in biyo su, amma kaburbura uku ne yanzu ke buƙatar ruwa, kuma ni kaɗai na rage a nan.